Cikin gara ba rijiyar fetur ba ne, a juya binciken nan zuwa turken rago

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, duk maganar da aka laƙaba wa "madadin fetur" sai ta samu 'yan kallo a garin nan na Kano. An yi ta gas, an yi ta mota mai caji, an yi ta masu narka leda su tatso wani baƙin mai, lokaci-lokaci kuma sai ka ji an taso da ta gara a majalisa. Wai masana sun gano akwai wasu ƙananan halittu a hanjin gara da suke fitar da sinadari mai mayar da itace sukari, sukarin a yi etanol da shi, wato wata barasa mai ci da wuta kamar fetur, a ɗura wa adaidaita sahu, shikenan karan dawar Bichi da Gwarzo ya zama kuɗi. Rabin farko na zancen gaskiya ne, ba ma yau aka gano ba, abin ya kai shekara ɗari. Rabi na biyun ne nake da ja a kai, don ina tsoron halin nan namu, a ɗauko ilimi mai kyau a ɗora masa alƙawarin da ba zai iya cikawa ba, in ya gaza sai a watsar da shi gaba ɗaya a ce dama shirmen 'yan boko ne.

Ni ra'ayina a yi binciken, a zuba masa kuɗi ma. Amma a juya akalarsa daga tankin mota zuwa turken rago da kejin kaji. Ga dalilaina.

Abin da ake kira selulos shi ne ya yi gangar jikin tsiro. Shi ne a kara, shi ne a takarda, shi ne kusan rabin katako, audugar rigar da ke jikinka kuma sama da kashi 90 cikin ɗari shi ne. Abin mamakin, gulukos ne zalla, irin wanda jiki ke samu daga tuwo. Bambancinsa da sitaci kawai yadda aka ƙulla 'ya'yan ne, ƙullin sitaci yawun bakinka ma yana fara kwance shi, ƙullin selulos kuwa jikin ɗan Adam ba ya fitar da abin da zai kwance shi. Ka ɗauka carbi ne mai 'ya'ya dubbai, kowane ɗa gulukos, aka jera irin waɗannan carbunan da yawa aka matse su suka manne, sannan aka bi da wani ƙaro mai tauri da ake kira lignin aka shafe. Kafin a samu sukari sai an ɓanɓare ƙaron, sannan enzayim iri uku, wato sinadaran da halitta ke fitarwa don narka abu, su yi aiki tare, ɗaya yana tsinka carbin a tsakiya, na biyu yana bi ta bakin da ya tsinke yana cire 'ya'ya bibbiyu, na ukun yana raba bibbiyun nan su zama ɗai-ɗai. In ɗaya ya yi ƙaranci aikin ya tsaya. Dangin nan uku su ake kira selules, kuma su ne kayan da ake ta magana a kai.

To gara ta iya wannan aikin fiye da kowace masana'anta da aka taɓa ginawa. An auna an ga garar da ke cin itace tana narkar da kashi 74 zuwa 99 cikin ɗari na selulos ɗin da ta haɗiye, cikin kamar yini da kwana, ba tukunyar tururi ba asid ba janareta. Duk wanda ya taɓa ajiye littattafai a kwali a ƙasan gado, ko ya ga yadda azara ke komawa kwanso a tsohon soro, ba sai an kawo masa wannan lissafin ba.

Tun 1877 wani Ba'amurke Joseph Leidy ya leƙa hanjin gara da madubin ƙara girma ya ga wasu halittu masu gashi-gashi suna ta iyo cunkus. Farkon shekarun 1920 wani kuma, L. R. Cleveland, ya yi dabarar da ta warware zancen, ya ɗan ɗumama garar daidai yadda halittun cikin za su mutu ita ba ta mutu ba, sai ga ta tana ci gaba da cin itace amma yunwa na kashe ta. Daga nan aka shekara da shekaru ana cewa ita garar ba ta iya komai, 'yan hayar cikinta ne ke aikin. Sai 1998 masu bincike a Japan suka nuna ita ma tana da nata selules ɗin da take fitarwa daga jikinta. A 2007 kuma wata tawaga da ta haɗa da Jared Leadbetter na jami'ar Caltech ta Amurka ta ɗebo wata gara daga dajin Kosta Rika, maimakon su tsaya rainon bakteriyar ɗaya bayan ɗaya sai suka karanta DNA, wato rubutun gadon halitta, na duk abin da ke cikin hanjin a haɗe, suka samu ɗaruruwan ƙwayoyin gado masu alaƙa da narka itace. Mujallar Nature ce ta buga, kuma tun daga lokacin jaridun duniya suka fara kiɗan nan na fetur daga cikin gara. Yau an doshi shekara ashirin.

Tambayar da ya kamata mai saurare ya yi ita ce, to ina fetur ɗin?

Ba wai selules ba ya kasuwa ba ne, yana ci sosai. Shi ne ake wanke wandon jins da shi ya yi kamar ya koɗe, a da da duwatsu ake wannan aikin suna lalata inji. Shi ne ake sa wa yadin auduga ya cinye 'yan gashin nan da ke tashi a kai ya yi santsi. Yana cikin wasu garin sabulun wanki, yana cikin aikin matse lemon kwali, da masana'antar takarda, da abincin dabbobi. Amma akasarin wanda ake sayarwa ba daga gara ya fito ba. Daga wata fumfuna ne mai suna Trichoderma reesei, kuma labarinta abin dariya ne, lokacin yaƙin duniya na biyu sojojin Amurka a tsibiran Solomon suka ga tantunansu da kakinsu na auduga suna ruɓewa, aka kai samfurin gida aka ware abin da ke cin kayan, masana suka shekara gommai suna gyara irin har ya zama yana zubar da enzayim da yawan gaske a cikin manyan tankuna. Kamfanoni irin su Novozymes na Denmak, wanda ya haɗe da Chr. Hansen a 2024 suka koma Novonesis, da irin wannan suka yi arziki. Duk enzayim ɗin da zai fito daga gara da wannan tsohon ɗan kasuwar zai yi gogayya, kuma ba a kyau ake gasar ba, a araha ake yi.

Ga kuma matsalar da ba a cika faɗa ba. Yawancin halittun cikin hanjin gara ba sa yarda su rayu a faranti a lab, da yawa iska ma kashe su take yi. Dole sai dai a ɗauko ƙwayar gadon a dasa wa yis ko wata bakteriya mai sauƙin raino ta riƙa yin enzayim ɗin, sau da yawa kuma sai ya fito kaɗan, ko ya kasa jure zafin digiri 50 da masana'antu ke aiki a kai. Sannan ita gara ba da enzayim kaɗai take cin nasara ba. Tana niƙa itacen da baki ya koma gari mai laushin gaske, hanjin nata ɗaki-ɗaki ne kowanne da yanayinsa, sukarin da ya fito kuma nan take ake kwashe shi, wasu ƙwayoyin su mayar da shi wani sinadari mai suna asetet garar ta tsotse, don haka ba ya taruwa ballantana ya toshe aikin. Ka cire enzayim ɗaya daga cikin wannan tsarin ka zuba a durom, ba lallai ya yi maka abin da ya yi wa gara ba.

Yanzu mu zo kan etanol ɗin kansa, don a nan ne nake so masu ɗoki su ɗan zauna. DuPont, kamfanin da ya fi wasu ƙasashe kuɗi, ya buɗe masana'antar etanol daga karan masara a jihar Iowa ta Amurka a 2015, an tsara ta ta riƙa fitar da galan miliyan 30 a shekara daga kara tan 375,000. A 2017 aka rufe, daga baya aka sayar wa wani kamfanin Jamus. POET-DSM sun buɗe tasu a 2014 a jihar dai, suka dakatar a 2019. Abengoa sun buɗe a Kansas a 2014, ba ta yi shekara biyu ba. Ta Crescentino a Italiya ta buɗe 2013 ta tsaya 2017 sai da wani ya saye ta. Clariant sun gina a Romaniya da karan alkama, ƙarshen 2023 suka ce sun haƙura. Waɗannan fa mutane ne masu wuta awa 24, da titi, da bashin banki mai sauƙin ruwa, da tallafin gwamnati. Abin da ya karya su ba rashin enzayim ba ne kawai, tara karan ne da jigilarsa da ajiye shi kar ya ruɓe ko ya kama da wuta, da ƙasa da tsakuwar da ke biyo shi suna cin inji, da kuɗin dafa shi kafin enzayim ya iya shiga. Waɗanda suka ɗan tsaya da ƙafarsu su ne irin Raízen a Burazil, su kuma don tuƙar rake tana nan tsibi a ƙofar masana'antar sukarinsu ne ba sai sun je gona nema ba. Indiya ta buɗe tata a Panipat a 2022 da karan shinkafa, kamfanin mai na gwamnati ne ya gina, kuma babban dalilin shi ne manoman can ƙone karan suke yi hayaƙi ya turnuƙe Delhi.

Ku lura da wannan na ƙarshen. Duk lissafin etanol daga kara an gina shi ne a kan cewa kara shara ne, kyauta ne ko kusa da kyauta. A ƙasar Kano kara ba shara ba ne. Da shi ake danni, da shi ake girki, da shi ake rufi da gadon kara, karmami na shanu ne, harawar wake da ta gyaɗa kuwa ɗaure ake yi a ɗora a kan soro ko a reshen bishiya ana jiran rani ta yi tsada. Akwai manomin da harawarsa kan fitar masa da kuɗin taki. Wanda ya rage a gona makiyayi ya shigo da shanu su ci su bar kashi, tsohuwar yarjejeniya ce tsakanin manomi da Bafulatani, kuma mun ga abin da ke faruwa a inda ta lalace. To ka zo ka kafa masana'antar da za ta riƙa haɗiye kara tan dubu ɗari uku a shekara, daga bakin wa za ka ƙwace shi? Daga murhun matar ƙauye da bakin saniya. Sannan ƙasar gonar da dama ta gaji a hana ta ɗan abin da ke komawa cikinta. Duk don man da lita ɗayansa ba ta wuce kashi biyu cikin uku na ƙarfin litar fetur ba. Najeriya ta fitar da manufar haɗa etanol kashi 10 cikin fetur tun 2007, da rogo da rake ma waɗanda suka fi kara sauƙin sarrafawa nesa ba kusa ba, ku je gidan mai ku tambaya.

Wani zai ce to kenan a bar maganar gara. A'a. Akwai abin da muke da shi da su Amurka da Japan ba su da shi a bayan gida.

Gara ta kai iri 3,000 a duniya, kuma ba duka suke aiki iri ɗaya ba. Masu halittun nan masu gashi da Leidy ya gani rukuni ɗaya ne, tsofaffin dangi. Mafi yawan iri ba su da su, da bakteriya suke aiki. Ita kuwa wadda ke gina manyan surin nan da muke gani a hanyar Falgore ko ta Birnin Kudu, zago, dangin Macrotermes, manomiya ce. Duk wanda ke zuwa ƙauye ya taɓa ganin an fasa suri don a samo wa 'yan tsakin zabi abinci. In aka sara da diga aka kai ciki za ka tarar da wasu dunƙule-dunƙule masu huji-huji, ruwan ƙasa-ƙasa, da danshinsu ko da tsakiyar rani ne, ka matsa da yatsa su marmashe, in ka kai ido kusa akwai 'yan fararen ɗigo-ɗigo a jikinsu. Wannan gona ce. Matasan ma'aikata ne ke cin busasshen kara da itacen da aka kawo, ya bi ta cikinsu da sauri su kasayar da shi su gina dunƙulen nan, wata fumfuna mai suna Termitomyces ta tsiro a kai ta yi makonni tana ci, sannan manyan ma'aikata su cinye tsohon ɓangaren da ya riga ya nuna. Surin gaba ɗaya an gina shi ne don ɗakin fumfunar ya zauna a kusan digiri 30 da danshi, waje kuwa ana ƙuna. Masana sun ƙiyasta wannan noman ya faro a Afirka kusan shekara miliyan 30 da suka wuce. A nan gida ma an yi aiki a kai, wani bincike da N. M. Collins ya yi a Mokwa ta jihar Neja aka buga a 1981 ya nuna gara ce ke kwashe kusan kashi 60 cikin ɗari na itacen da ke faɗuwa a dajin wurin duk shekara.

Abin da zago ke yi a taƙaice shi ne, ta ɗauki busasshen abin da ba ya ciyuwa ta mayar da shi abinci mai narkewa, a cikin zafinmu, da irin karanmu. Wannan kuwa ita ce ainihin matsalar mai kiwo a Kano daga Maris zuwa saukar damina. Ku shiga kowace unguwa watanni kafin babbar sallah ku ga yadda magidanci ke lissafin dusa da ƙowa da harawa, wani ragon kafin ya kai kasuwa ya ci rabin ribarsa. A gefe guda kuma ga karan shinkafa a Kura da Bunkure da Garun Malam, tun da ruwan Tiga ya sa ake noman rani abin ya yi yawa, dabba tana ci amma ba ya yi mata wani amfanin kirki saboda tauri da ƙarancin furotin, ga totuwar masara, ga tuƙar rake da ake sharewa a bakin titi. Waɗannan ne sharar gaskiya, ba karan dawa ba. Shi ɓuntun shinkafa da ke tsibi a bayan injina ban sa shi a lissafi sosai ba, yashi-yashin da ke jikinsa ya yi yawa, ya fi dacewa da wuta.

Saniya da rago suna da nasu ƙwayoyin a tumbi masu narka selulos, don haka ba sukari suke buƙata a yi musu ba, so suke a sassauta musu ƙaron nan na lignin kawai su ƙarasa da kansu. Wannan aiki ne mai sauƙi ƙwarai in aka gwada da yin etanol, ba sai an tace ba, ba sai an kai sukari tsantsa ba, ba tukunyar matsa lamba. Rami ko durom da leda da ɗan ruwa. Kaji kuma da ba su da tumbi, su dama an daɗe ana zuba musu enzayim a abinci don su iya cin moriyar dusar alkama da makamantanta, kuma daga waje ake shigo da shi da dala, duk mai gidan gona da ke haɗa abincinsa da kansa ya san 'yan buhunan nan masu tsada. Hanjin gara cike yake da irin enzayim ɗin da ke narka ɓangaren dusa mai wuya. Ga kasuwa a ƙofar gida, ba sai an jira wani ya gina matatar biliyoyi ba.

Ba na cewa abin a shirye yake. Fumfunar zago tana da jinkirin girma in aka raba ta da gara, har yau ma ba a iya noma lemar kwaɗinta don kasuwa ba duk da ana cin ta a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Gwaje-gwajen zuba enzayim a abincin shanu kuma wasu sun nuna ƙari wasu ba su nuna ba. Sannan akwai tsohuwar dabara mai araha da kowane sabon abu zai kara da ita, a jiƙa kilo 4 na takin yuriya a yayyafa wa kilo 100 na kara a rufe da leda sati biyu zuwa uku. Amma wannan ai shi ne bincike, tambaya ce da za a iya amsawa da kuɗin da jami'a za ta iya samu, kuma amsar za ta shafi aljihun mutum miliyoyi.

Maganar yadi da wanki zan wuce ta da sauri. Eh, gari ne na Kantin Kwari da marinar Ƙofar Mata, amma masaƙun Bompai da Sharada da Challawa yawanci sun daɗe da yin shiru, wa za ka sayar wa enzayim ɗin gyaran yadi? Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne wasu garar Afirka masu cin ƙasa, dangin Cubitermes, an auna wani ɓangaren hanjinsu ya haura 12 a ma'aunin pH, wato kaifin kanwa ke nan mai tsananin gaske, kuma enzayim ɗin da zai yi aiki a irin wannan yanayin shi masu garin sabulu ke nema. Wannan a ajiye shi a layi na biyu.

Inda abin ke min ciwo shi ne yadda muke yin binciken a yanzu. Ɗalibi ɗan aji huɗu zai je bayan hostel ya kwaso gara a kwalba, ya wanke su da sifirit, ya sa ɗan hantsaki ya zaro hanjin, ya murje a ruwan gishiri ya shafa a farantin da aka zuba wa selulos mai narkewa a ruwa. Bayan kwana biyu ya kwarara jan rini ya ɗauraye, sai ka ga wani farin zobe ya fito kewaye da ɗigon bakteriyar, ya sa rula ya auna, ya ɗauki hoto da waya, murna kamar me. Sai a rubuta a babi na biyar cewa wannan zai magance matsalar makamashi a Najeriya, a kai wa mai bayindin, a yi difens, a jera a kanta. Baɗi wani ya zo ya maimaita daga farko. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Zoben nan abin da ya nuna kawai shi ne akwai enzayim na farko cikin ukun, a kan selulos ɗin da aka riga aka tausasa a kamfani, bai ce komai ba game da karan Kura mai ƙaro. Kuma bakteriyar da ta yarda ta tsiro a faranti cikin iska sau da yawa ba ita ce mai babban aikin a cikin garar ba. Ba laifin yaran ba ne, da kuɗin iyayensu suke sayen kayan, malamin da ke duba su yana da wasu talatin, in ma an samu iri mai kyau firizar da za a adana shi a ɗauke wuta kwana biyu ya mutu. Wallahi da za a haɗa kuɗin da ɗalibai suka kashe a kan wannan zoben a jami'o'in Arewa da an yi aiki ɗaya na gaske.

Kuma ba wai babu inda za a yi ba. Jami'ar Bayero tana da cibiyar binciken noman yankuna masu ƙarancin ruwa wadda Bankin Duniya ya tallafa, ga jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil, ga ofisoshin IITA da ICRISAT, cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa, a cikin garin nan sun shekara da shekaru suna aiki a kan dawa da gero da wake har da ingancin harawarsu, ga NAPRI a Shika ta Zariya da aikinta ke nan kiwo. Karanta DNA ma ba sai an fita waje ba, cibiyar ACEGID da ke Ede ƙarƙashin Farfesa Christian Happi ita ta fara karanta ƙwayar korona a Afirka a Maris 2020. TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, na ba da kuɗin bincike. Masu manyan injinan shinkafa da masu haɗa abincin kaji su ma da ruwan ciki ake jan na rijiya, in an kawo musu lissafi mai ma'ana ba taron bita da jaka da biro ba, ina ganin za su sa hannu.

Akwai kuma batun mallaka, kar mu yi barci a kai. Farkon shekarun 1990 an ɗebi samfuri daga tafkunan kanwa na Kenya, daga ciki aka samo selules ɗin da kamfanin Genencor ya riƙa sayarwa don koɗar da jins da haɗa sabulu, sai a 2004 hukumar kula da namun dajin Kenya ta taso tana neman haƙƙin ƙasarta, bayan an daɗe ana cin kasuwa. Irin wannan ne ya sa aka yi yarjejeniyar Nagoya a 2010 kan raba amfanin albarkatun halitta. Yanzu ma abin ya wuce a saci kwalba a jaka, in ka aika samfuri waje aka karanta DNA ɗin aka ɗora a intanet, wani a Kopenhegan zai iya haɗa enzayim ɗin bai taɓa ganin suri ba, shi ya sa a taron Cali na Kolombiya a 2024 aka amince da kafa asusun da kamfanoni za su riƙa sa wani abu. Duk malamin da zai aika hanjin zago waje da sunan haɗin gwiwa, a rubuta a takarda tun farko waye mai me, jami'a kuma ta samu lauyan da ya san wannan fannin, ba a tashi neman haƙƙi bayan shekara goma ba.

Abin da nake so in gani ba shi da wani ƙyalli. A samu tawaga ɗaya, mai ilimin ƙwayoyin halitta da likitan dabbobi da masanin abincin dabba da mai lissafin kuɗi, a ba su shekara uku da firiza mai sola. Su tattara fumfuna da bakteriyar zago daga surin ƙasar Kano da Jigawa su adana da suna da lamba yadda wani zai ɗora daga inda suka tsaya. Su gwada su a kan karan shinkafa da totuwa na gaske, ba hodar kamfani ba. Wanda ya yi fice a kai shi turke, a raba raguna gida uku, wasu a ba su busasshen kara yadda aka saba, wasu mai yuriya, wasu wanda aka sarrafa da kayan zago, kowane sati a ɗora su a sikeli har zuwa sallah, a fitar da nawa aka kashe a kan kowane kilo da rago ya ƙara. A faɗi sakamakon a rediyo da Hausa, a shirin manoma, ba a wata mujallar da sai an biya dala kafin a karanta ba. In yuriya ce ta yi nasara a fito a faɗa ba kunya, a koya wa masu kiwo ita, tawagar kuma ta koma kan dusar kaji.